Lasisin Kaka

A gidanmu lasisin tuƙi iri biyu ne. Akwai na gwamnati, mai hoto, wanda ake miƙa wa jami'an hanya ta taga. Akwai kuma na Kaka, mahaifiyar Babanmu. Shi ba hoto ba hatimi, amma duk wanda bai same shi ba, ko kaza ba zai ɗauka a motar gidanmu da sunan fasinja ba.

Yadda ake samunsa shi ne a zaunar da Kaka a kujerar baya, ka tuƙa ta daga Daura zuwa ƙauyensu da ke can gaban Dutsi. In ta yi barci a hanya, ka ci. In ta isa idonta biyu, ka faɗi. Kada wani ya ce abu ne mai sauƙi. Kaka ta fi tsoron mota a kan maciji, don maciji na taɓa ganin ta bi shi da taɓarya. Mota kuwa ko a kashe take, in za ta wuce ta sai ta yi dogon kewaye, kamar jaki ne da zai iya harbi. In dole ta sa ta shiga, hannu ɗaya na riƙe da carbi, ɗayan na damƙe da wuyan rigar duk wanda ƙaddara ta zaunar a gabanta. A taɓa birki, salati. A danna ham, salati. A faɗa rami, sai ta fara yafe wa mutane bashin gaisuwa tana barin wasiyya.

Marigayi mijinta ne ya kafa wannan doka, shi ma direba ne. Baba kansa sai da ya maimaita kafin ya ci. Ƙanensa kuwa, wato Baffanmu, da ya faɗi bai sake gwadawa ba. Yana nan Sandamu yana sayar da hatsi, kuma har yau in aka tayar da hirar mota sai ya tuna bai yi alwala ba.

Abin da ya tayar da maganar a bara shi ne idon Baba. Tun kafin a haife ni yake jigila tsakanin Daura da Kongolam, wani lokaci har Kano. Ya fita da sassafe ya kama layi a tasha, ya jira lodi, ya yi musu da 'yan kamasho, ya yi musu da fasinjan da ya rantse buhunsa ba buhu ba ne, ƙunshi ne. Abincin rana a tsaye yake cin sa, jikin mota. In ya dawo gida ƙafarsa ta dama ta kumbura, bayansa ya sage, sai ya kwanta rubda ciki a tabarma in hau in tattaka masa. Da ya je sabunta lasisi aka gwada idonsa, manyan baƙaƙen sama kawai ya iya karantawa. Aka ba shi tabarau, amma shi ya riga ya yanke shawara a ransa. Ya ce ba zai ɗauki ran mutane yana lalube ba.

To, wa za a ba makulli? Mu biyu ne maza. Ni da Yayana.

Ina so a fahimce ni da kyau. Ba na ƙin Yaya. Mutum ne mai kirki, irin kirkin nan mai ba da haushi. Abin da ya fi ni da shi kawai shi ne ya riga ni zuwa duniya, kuma wannan ba ƙoƙarinsa ba ne. Ni nake wanke motar nan. Ni na san ƙofar da sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Ni ne kullum nake fito da ita da baya daga ƙofar gida zuwa gindin dalbejiya, kuma ban taɓa bugun komai ba sai randar maƙwabta, ita ma ita ce ta tsaya a inda bai kamata ba.

Na sami Baba na ce, "Baba, ni fa na fi shi iyawa."

Ya ce, "Shekarunka nawa?"

"Sha takwas saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan shekara biyu ce."

"Ai mota ba ta tambayar shekaru, Baba."

"Ita ba ta tambaya. Hukuma na tambaya, ni ma ina tambaya. Tashi ka ɗebo mini ruwa."

Haka ina ji ina gani aka sa Yaya a makarantar koyon tuƙi. Yana yawo a gari da jan harafin 'yan koyo manne a mota, a hankali kamar mai rakiyar gawa, har masu tura kura na wuce shi. Aka gwada shi, aka gwada idonsa, aka ɗauki hotonsa, lasisi ya fito. Hoton kamar na wanda aka kama da akuyar mutane, amma sai da Inna ta zagaya da shi unguwa. Daga ranar duniya ta juya mini baya. Tsokar da ta fi girma a miya, ta Yaya. Yara a layi, "Direba, sannu da zuwa!" Har ɗan Ibon nan mai shagon kayan gyaran mota a bakin tasha, wanda na sha ɗauko masa kaya a rana, ya kira Yaya ya ba shi sabuwar rigar sitiyari kyauta. Ni kuma ya dafa kaina ya ce, "Ƙaramin oga, naka yana zuwa." Ƙaramin oga! Da ya san yadda kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro da ya ba ni ko murfin taya ne.

Sai dai saura lasisin Kaka. Baba ya faɗa a gaban kowa: in Yaya ya ci, makulli nasa ne. In ya faɗi, za a ba wani direba a tasha ya riƙe motar har zuwa wani lokaci. Nan take ƙwaƙwalwata ta yi lissafin da ba ta taɓa yi a aji ba. Wani lokaci ɗin nan zai iya kai wa har in cika sha takwas. Ran nan kuwa a sa mu a layi ni da shi, a ga direba.

Abin da ake bukata kawai shi ne kada Kaka ta runtsa.

Ranar gwajin, da damina ce, na tashi da ladabin da ban san ina da shi ba. Na ce ni zan zauna baya in kula da Kaka. Inna ta dube ni ta ce, "Kai? Lafiya kuwa?" Na ce zumunci ne. Ta cika mini kwano da ɗumamen tuwo da man shanu, na share shi tas, don mai babban aiki a gabansa ba ya tafiya da yunwa. Na ƙara da fura.

Daga nan na garzaya wajen wani Buzu mai shayi a bakin tasha. Shayinsa irin wanda direbobin dogon zango ke sha ne, baƙi ƙirin, mai ɗacin da in ka kurɓa sai kunnenka ya yi motsi. Na cika ƙaramin fulas. Na sayi goro manya, na goge su a magogi saboda haƙoran Kaka sun yi ritaya. Sannan na roƙi abokina ya riƙa kiran wayar Yaya ba ƙaƙƙautawa.

Na sami Kaka a ɗakinta tana ɗaura kallabi. Na durƙusa na miƙa mata kofi.

Ta ce, "Yau kuma mijin nan nawa da ba ya cefane ne da shayi? Me ka fasa?"

"Haba amarya, ba abin da na fasa. Sanyi ake yi, ki ɗumama cikinki."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta dube ni ta saman kofin. Ta daɗe tana kallona. Sai ta shanye ta miƙo ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta sake miƙowa. Da muka fito tsakar gida idanunta sun buɗe har ina ganin kaina a ciki.

A bakin mota aka fara rigima. Yaya ya ce sai kowa ya ɗaura bel, har na baya.

Kaka ta ce, "Ɗaure ni za ku yi kamar tunkiyar da za a kai kasuwa? Uban naka ma bai taɓa ɗaure ni ba."

Na ce a raina, madalla, tun ba a tashi ba an ɓata. Amma Yaya ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Hajiyata, ai abu mai daraja ake ɗaurewa kada ya faɗi. Wancan ƙaramin mijin naki ko an bar shi a sake ba asara." Ta tuntsire da dariya, ta ɗaga hannu ya ɗaura mata. Ni ma na ɗaura nawa ina haɗiyar baƙin ciki. Baba ya shiga gaba da sabon tabaraunsa. Kaka ta miƙa hannu ta damƙi wuyan rigarsa, kamar yadda aka saba.

Kafin ya tayar da mota, Yaya ya zaro wayarsa ya jefa a aljihun gaban mota ya rufe. Haka dabarata ta farko ta mutu a ƙofar gida. Abokina bawan Allah ya cika alkawari, wayar ta yi ta kuka a ciki kamar gyare a tulu, ba wanda ya kula ta.

Muka fita gari. Gero ya yi tsayi a hagu da dama, ƙasa ta sha ruwa, iska mai sanyi na shigowa ta taga. Na miƙa wa Kaka goro, na gyara murya.

"Kaka, kin ji labarin motar da tayarta ta fita a daidai nan? An ce tayar ta riga motar isa gari."

"Allah ya kiyaye," in ji ta, ta ƙara damƙe Baba.

"An ce direban sabo ne fil. Lasisinsa ko bushewa bai yi ba."

Baba ya ce, "Kai." Kalma ɗaya, bai ko waiwayo ba.

Can muka cim ma wata babbar mota ta yi lodin buhuna har tana rangaji, tana tafiya kamar mai ciwon ƙugu, tana feso mana hayaƙi. Gabanmu kwana ce, gero ya rufe abin da ke bayanta. Na san in Yaya ya fita zai wuce, dole ya taka mota, in ya taka kuwa Kaka za ta tashi unguwa da salati.

Na ce, "Yaya, wuce shi mana. Ko a makarantar taku ba a kai ku babin giya ta huɗu ba?"

Ya ci gaba da kallon hanya. Na ƙara cewa:

"Wallahi ga wata hawainiya can ta ba mu hannu za ta wuce."

Ya ce, "Ka ce mata Allah ya kiyaye hanya."

Ya ci gaba da bin bayan motar nan, ya bar tazarar da za a iya shanya gero a tsakani. Muna shiga kwanar sai ga wata ƙaramar mota ta fito daga ɗaya hannun a guje, mutane cunkushe har da wanda ya raba kujera da direba, ta wuce mu fuu. Da mun fita da mun yi gaba da gaba. Na ga Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kaka kuwa ba ta ma san an yi ba, tana ta tauna. Abin haushi a tuƙin Yaya ke nan, ba abin da ke faruwa. Sai da hanya ta miƙe, ya leƙa, ya ba da sigina, ya wuce babbar motar a hankali har yana ɗaga wa direban hannu.

Gaba kaɗan ya rage gudu ba dalili. Na buɗe baki zan yi magana sai ga amalanken shanu ya ɓullo daga cikin gero ya hau kwalta, mai shi yana zaune yana waƙarsa. Wai Yaya ya hango kan geron na motsi tun daga nesa. Bai taka birki da ƙarfi ba, bai danna ham ba. Ya jira shanun suka tsallaka da yangarsu.

Na ga dai labari ne kawai ya rage mini. Na ce, "Kaka, ke ba ki taɓa yin haɗari ba?"

Kuskurena ke nan. Ban yi la'akari da abin da shayin Buzu ke yi wa harshen tsohuwa ba.

Ta ce, "Haɗari? Bari in ba ka labarin ranar da na fara shiga mota." Ta fara daga gyaɗar da aka noma a shekarar. Daga gyaɗa ta koma kan mai gonar, daga shi ta gangara kan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, da wanda kowacce ta aura, da garin da aka kai ta, da abin da aka dafa. Ana cikin haka ta tuna ba shekarar gyaɗar ba ce, ta bayanta ce, sai ta koma farko. Muryarta na tafiya daidai da ƙugin injin. Motar ba ta girgiza, ba ta fizga, ko ramukan ma Yaya lallaɓa su yake yi kamar masu barci. Iska na shafa mini fuska. Tuwon Inna da man shanu suka fara aikinsu.

Ni dai abin da na sani, na rufe ido ne don in yi tunanin sabuwar dabara. Duk wanda ya ce wani abu daban, ƙari ya yi.

Da na buɗe ido mota na tsaye a gindin wata tsamiya. Yaran ƙauye sun manna fuskokinsu a gilashi suna kallona kamar an kawo biri. Kaina na kan kafaɗar Kaka, bakina a buɗe. Yaya na tsaye a waje yana mayar da waya aljihu, da alama ya gama ɗaukar abin da zai ɗauka.

Na zabura na dubi Kaka. Idonta tar, ko ƙiftawa ba ta yi.

Na fito da tsalle na ce, "Ba ta yi barci ba! Baba, ka gani da idonka, da tabarau ma! Ba ta yi ba!"

Ba wanda ya taya ni murna. Yaya ya dubi Kaka, ya dubi ƙasa. Ya san doka kamar yadda kowa ya sani. Ya zare makullin daga aljihu, ya juya shi a hannu, ya shafa shi da babban yatsa, sannan ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya karɓa.

Kaka ta ce, "Ku kwance ni tukuna, sannan ku yi shari'arku."

Aka kwance mata bel, ta fito, ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta dubi Baba.

"Ni dai ban yi barci ba. Kuma ba na jin zan yi kafin jibi, don wannan mijin nawa na banza ya ɗura mini shayin da zai tayar da matacce. Yana zaton ban gane ba. Na sha ne don ban taɓa samun abin hannunsa ba, na ce kada in yi asara."

Yaran ƙauye suka fashe da dariya, ko da yake ba su san kan zancen ba.

Ta ce wa Baba, "Taɓa wuyan rigarka."

Baba ya kai hannu. Wuyan rigar na nan a miƙe yadda Inna ta goge shi. Ni ma sai lokacin na lura. A al'ada in Kaka ta sauka daga mota, rigar wanda ke gabanta sai ta koma kamar an ƙwato ta daga bakin saniya.

"Tun wajen shanun nan na sake ka, ban ma sani ba," in ji ta. "Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ban taɓa ganin ta ba sai yau. Ashe har makaranta aka gina a hanya. Sannan ka dubi nan." Ta nuna kafaɗarta, inda mayafin ya jiƙe. "Wanda ya shigo motar don ya ga faɗuwar ɗan'uwansa, shi ya yi barci har da minshari. Ni tsoro kawai nake ji. Wannan kuwa hassada ce fal cikinsa, kuma aka kwantar da shi. Ba yaro makullinsa."

Na ce, "Kaka, doka fa doka ce! Cewa aka yi ke za ki yi barci, ba wakilinki ba!"

Baba ya ce, "Dokar ta ubana ce, alƙaliyar uwata ce. Kai a wa?"

Ya kama hannun Yaya ya sa masa makullin, ya naɗe yatsunsa a kai. Yaya ya durƙusa har ƙasa. Ni kuma aka ce in sauke tsarabar Kaka daga but ɗin mota.

Yanzu Yaya ke jigilar Kongolam. Yana fita da sassafe, yana kama layi, 'yan tasha na yi masa tsiya wai ba ya ƙara mutum a gaba kuma ba ya gudu, amma tsofaffi da masu goyo motarsa suke jira. Yana dawowa da jan ido da ciwon baya, ya kwanta a tabarmar da Baba ke kwanciya, ni kuma in hau in tattaka masa. Ina takawa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, shi kuma sai ya ce, "Yawwa, nan ne, Allah ya yi maka albarka," abin ya ƙara ƙona mini rai. Hoton nan nawa, baki buɗe a kafaɗar Kaka, shi ne a fuskar wayarsa. Duk fasinjan da ya tambaya sai ya ce, "Shaidar aiki ce."

Ni ma lokacina na zuwa. Na fara shiri tun yanzu: ina ɗebo wa Kaka ruwa, ina goge mata goro, ina kiran ta amarya safe da yamma. Sai dai ta riga ta sanar cewa ranar gwajina Yaya ne zai zauna baya ya kula da ita. Shi kuwa har ya sayi fulas, babba, irin na masu suna. Ya ajiye shi a saman kwabar ɗakinmu, daidai inda idona ke fara sauka in na farka.